Bayani kan zaɓen babur na doguwar tafiya a kwarin Rima

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ce a kan kwalta, kuma kusan kowane irin babur zai iya yin ta cikin sa'a guda.

To amma ƙauyuka da dama na kwarin Gulbin Rima ba a bakin kwalta suke ba. Duk wanda zai shiga fadamun shinkafa, ko kuma ya nausa ƙasar Arewa da Dandi, sai ya yi fama da laka da yashi da kwazazzabai, a wasu wuraren ma sai an ɗora babur ɗinsa a kwalekwale an yi masa fito.

Ga malaman gona da ma'aikatan allurar riga-kafi da fataken shinkafa da albasa da kifi, babur shi ne abin hawa na farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin babur da na mai da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Wanda ya yi kuskuren zaɓe a yanzu, ba cikin sauƙi zai sake haɗa kuɗin wani ba.

Wane irin babur ne na kwalta da daji?

Akwai rukunin babura da aka ƙera musamman domin su hau kwalta su kuma shiga daji, waɗanda Turawa ke kira dual-sport.

Ana gane su da tsawon ƙafafu, da tazara mai yawa tsakanin cikin inji da ƙasa, da dogon shokozoba, da taya mai gwaraza, da kuma marufin tayar gaba wanda aka ɗaga sama don kada laka ta cushe.

Abin da ya bambanta su da baburan tseren daji shi ne suna da fitila da sigina da madubi da wurin lamba, saboda haka doka ta yarda su hau titi.

Kamfanin Yamaha na Japan ne ya yayata wannan samfuri da babur ɗinsa DT-1 a shekarar 1968. A 1976 ya fito da XT500, wanda da shi ne Bafaranshe Cyril Neveu ya lashe tseren Faris zuwa Dakar na farko a watan Janairun 1979, tseren da ya ratsa Agadas da Yamai a Jamhuriyar Nijar.

Yanayin ƙasa shi ne alƙali

Kafin a yi maganar sunan kamfani, sai an fara duba hanyar da za a bi da kuma lokacin da za a bi ta.

Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara a yankin Bunza, kana ya faɗa Kogin Kwara. Gefe da gefensa fadama ce mai faɗi, ƙasarta kuma laka ce.

Da damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, lakar kan zama taɓo mai santsi da ke manne wa taya. Idan ruwa ya janye kuma, sai ta bushe ta daddare, sawun shanu da na amalanke su zama kamar duwatsu.

Ambaliyar shekarar 2020 ta nuna yadda lamarin ke iya ƙazanta, domin ban da gonakin shinkafa da ta shafe, ta kuma yanke hanyoyi ta karya gadoji a sassa da dama na jihar Kebbi.

Da an haura tudu ta yamma, wajen Kangiwa da kan iyakar Nijar, sai yashi mai zurfi da ƙayar aduwa da bagaruwa. Ta kudu kuwa, wajen Yauri da Zuru, jar ƙasa ce da tsakuwa da duwatsu.

Bayan haka akwai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke cika iska.

Babu babur guda da ya fi kowanne a dukkan waɗannan wurare. Don haka mai saye ya ƙiyasta kashi nawa na tafiyarsa ne a kwalta, kashi nawa ne kuma a hanyar ƙasa.

Nauyi

Ƙa'idar farko da matafiya suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, kada mutum ya sayi babur ɗin da ba zai iya tayar da shi shi kaɗai ba idan ya faɗi.

A cikin yashi ko taɓo faɗuwa ba abin mamaki ba ce, kuma tana iya faruwa sau da dama a wuni guda.

Ƙananan babura masu inji 100cc zuwa 150cc nauyinsu bai cika wuce kilo 130 ba. Honda CRF300L na da nauyin kilo 142, yayin da BMW R1250GS Adventure, irin wanda masu yawon duniya ke alfahari da shi, ya kai kilo 268 tun kafin a ɗora masa kaya.

Bambancin ya fito fili a shekarar 2004, lokacin da 'yan wasan kwaikwayo Ewan McGregor da Charley Boorman suka tashi daga Landan zuwa New York ta gabas a kan manyan baburan BMW. A ƙasar Mongoliya babur ɗin mai ɗaukar musu hoto ya lalace, aka saya masa wani ƙarami mai araha ƙirar Rasha, sai ga shi yana ratsa taɓon da manyan ke maƙalewa a ciki.

A kwarin Rima akwai ƙarin dalili. Babur mai sauƙin nauyi ne kaɗai mutum biyu ko uku za su iya ɗagawa su sa a kwalekwale, shi ne kuma za a iya ɗorawa a bayan a-kori-kura idan ya mutu a hanya.

Ƙarfin inji

Ana auna girman inji da cc. Yawan adadin na nufin ƙarin ƙarfi, amma kuma yana nufin ƙarin nauyi da shan mai da tsadar gyara.

Inji mai 100cc zuwa 110cc ya wadatar da mutum guda mai 'yan kaya kaɗan. Sai dai idan aka yi goyo aka kuma ɗora buhu, yakan gaza a yashi, kulocinsa kuma ya yi saurin cinyewa.

Mai 125cc zuwa 150cc shi ne tsaka-tsaki. Zai iya riƙe gudun kilomita 70 zuwa 80 a sa'a na tsawon lokaci ba tare da ya wahala ba, wanda ya isa ga tafiya irin ta Argungu zuwa Sakkwato, kimanin kilomita 100, ko ta Birnin Kebbi zuwa Yauri, wadda ta haura kilomita 200.

Daga 200cc zuwa 300cc kuwa na masu niyyar ƙetare ƙasashe ne, inda ake buƙatar ƙarfin wuce manyan motoci a babbar hanya.

Yana da kyau a duba yawan giya. Babur mai giya biyar ya fi mai huɗu samun sauƙi a doguwar kwalta, domin injinsa ba ya yawan ƙugi.

Akwai kuma batun sanyaya inji. Wanda iska ke sanyayawa ba shi da lagireto, don haka babu fargabar ƙaya ko dutse ya huda wani abu ruwa ya tsiyaye. Aibinsa shi ne yakan ɗau zafi sosai idan ana tafiyar hawainiya cikin yashi da tsakar rana, ko kuma idan laka ta bushe a jikin injin ta hana iska ratsawa.

Mai lagireto ya fi jure zafi, amma gyaransa sai ƙwararren bakanike.

Tanki da mai

Ƙananan babura galibi kan yi tafiyar kilomita 35 zuwa 50 da lita guda, gwargwadon kaya da hanya. Yashi da taɓo kan ƙara shan mai ƙwarai.

Bajaj Boxer BM150 na da tanki mai cin lita 11. Idan aka ƙaddara kilomita 40 a kowace lita, zai haura kilomita 400 kafin ya buƙaci mai. Honda CRF300L kuwa, duk da girman injinsa, tankinsa lita 7.8 ne kacal, abin da ya sa masu doguwar tafiya suka fi son ɗan'uwansa CRF300 Rally mai lita 12.8.

Girman tanki na da muhimmanci a yankunan kan iyaka. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta Najeriya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, lamarin da ya jefa garuruwa irin su Kamba cikin ƙarancin mai.

A ƙauyuka, man da ake samu na 'yan bumburutu ne, cikin kwalba ko galan, wanda kan zo da ƙura ko ruwa.

A nan ne babur mai kafireto ke da fifiko. Idan datti ya toshe shi, kowane bakanike zai kwance ya wanke cikin 'yan mintuna. Sababbin babura masu famfon mai na lantarki sun fi tsimin mai, amma gurɓataccen mai na iya kashe famfon, kuma ba a samun irinsa a kasuwar ƙauye.

Tace mai da kyalle mai tsabta kafin a zuba a tanki na rage wannan matsala.

Ƙafafu da taya

Baburan haya da aka saba gani suna da ƙafa mai faɗin inci 17 ko 18. Na daji kuwa ƙafar gabansu kan kai inci 19 ko 21.

Babbar ƙafar gaba ta fi iya haye rami da kututture, ta kuma fi tsayuwa a yashi. Ƙafa mai wayoyi ta fi ta zubi jure duka, domin idan ta lanƙwashe ana iya miƙar da ita, ta zubi kuwa tsagewa take yi.

Sai dai akwai abin lura. Taya mai inci 17 da 18 ana samun ta a kusan kowace kasuwar mako, amma mai inci 21 sai a manyan birane. Mai irin wannan babur tilas ya riƙa tafiya da robar cikin taya ta ajiya.

Tazarar cikin inji da ƙasa a baburan haya ba ta kai santimita 20 ba, a na daji kuwa takan kai 24 zuwa 28. Wannan tazara ce ke hana inji dukan tudun da ke tsakiyar sawun mota.

Amma tsayi na da nasa illar. Sirdin CRF300L ya kai santimita 88, kuma wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa sosai zai sha faɗuwa a wurin tsayawa.

A yashi, rage iskar taya kaɗan na taimakawa, matuƙar za a mayar da ita da zarar an hau kwalta.

Abin da ke kasuwa

Ana iya kasa baburan da suka dace da wannan tafiya gida uku.

Kashi na farko su ne baburan da 'yan kabu-kabu ke haya da su, wato irin su Bajaj Boxer da TVS HLX na Indiya, da Honda Ace, da kuma na Sin irin su Jincheng da Haojue. Ba na daji ba ne a asali, amma su ne ke yin mafi yawan aikin daji a Afirka ta Yamma.

Da yawansu sun gaji tsarin Honda CG125, wanda aka fito da shi a 1975 domin ƙasashen da ba a cika kai babur wurin gyara a kan kari ba. Kamfanin Honda ya kafa reshensa na Najeriya a 1979, masana'antarsa na garin Ota a jihar Ogun, a 2011 kuma ya fito da Ace CB125 domin kasuwar Najeriya.

Ana iya ƙara wa irin waɗannan ƙarfin shiga daji ta hanyar sa musu taya mai gwaraza, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, da ɗaga marufin tayar gaba.

Kashi na biyu su ne ƙananan baburan kwalta da daji na ainihi, kamar Yamaha XTZ125 da Honda XR150L da Suzuki DR200, da kuma Yamaha AG200, wanda aka ƙera domin manoma, sarƙarsa a rufe, yana da mazaunin kaya gaba da baya.

Irin waɗannan ne hukumomin lafiya da na aikin gona suka fi raba wa ma'aikatansu. Ƙungiyar Riders for Health, wadda ta shafe shekaru tana kula da baburan ma'aikatan lafiya a ƙasashen Afirka, ta gina aikinta ne a kan duba babur a kai a kai tun kafin ya lalace.

Kashi na uku su ne masu 250cc zuwa 300cc. Da Honda CRF300 Rally ne 'yar ƙasar Holan Noraly Schoenmaker ta ratsa Afirka ta Yamma, har da Najeriya, a 2023. Ɗan Najeriya Kunle Adeyanju kuwa, wanda ya taso daga Landan zuwa Legas cikin kimanin kwana 40 a 2022 domin yaƙi da cutar shan inna, babban babur ya hau mai 500cc, amma akasarin hanyarsa kwalta ce.

Kayan gyara

Babur mafi inganci a takarda ba shi da amfani idan ya mutu a ƙauye aka rasa mai gyara.

Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya zagaya wurin masu sayar da kayan gyara a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, ya tambayi fulogi da sarƙa da takalmin birki da wayar kuloci na samfurin da yake so. Idan aka ce sai an aiko daga Kano ko Legas, to ya san abin da ke jiransa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa kashi na farko ya mamaye yankin. Kayansa na ko'ina, kuma yaron bakanike ma ya san cikinsa.

Yana da kyau babur ya kasance yana da abin tayarwa na ƙafa ko da yana tashi da batir, domin zafi na saurin kashe batir.

Ƙaramin inji kimanin lita guda ta baƙin mai yake ɗauka, don haka man na saurin gajiya. Littafin kamfani na faɗin lokacin juye, amma a zafi da ƙura gara a riƙa yi kafin lokacin ya cika. Matatar iska ma na buƙatar dubawa a kai a kai da hunturu, domin ƙurar da ta shiga inji tamkar yashi ce ke goge shi.

Idan babur ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a yi yunƙurin tayar da shi. A fito da shi, a cire fulogi, a fitar da ruwan, a kuma duba ko baƙin mai ya sauya launi zuwa fari-fari.

Sabo ko na hannu

Na hannu ya fi araha, amma akasarin irinsa sun sha aikin haya.

A tayar da shi da safe inji na sanyi, a saurari ƙara, a duba ko salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi, alamar cewa yana cin baƙin mai. A duba gangar jikinsa ko an taɓa yi mata walda, musamman a wuya da ƙarƙashin mazaunin kaya.

Mafi muhimmanci, a gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce a rasit, a kuma yi ciniki a gaban shaidu. Satar babura ta yi yawa a arewa maso yamma, kuma wanda aka kama da na sata ba lalle a saurari uzurinsa ba.

Takardu da ƙetare iyaka

Doka ta wajabta wa mai babur yin rajista da ɗaura lamba, da mallakar lasisin tuƙi rukunin A, da inshora.

Daga Birnin Kebbi zuwa Kamba tafiyar sama da kilomita 100 ce. Daga can ake shiga Gaya a Nijar, wadda gadar Kogin Kwara ta haɗa ta da Malanville a Jamhuriyar Benin.

Wannan iyaka ta sha rufewa da buɗewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a sake buɗe ta Kamba ba sai a Afrilun 2022. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, kafin Najeriya ta ba da umarnin buɗewa a Maris ɗin 2024.

Ranar 29 ga watan Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata. Don haka mai niyyar ƙetarawa ya tuntuɓi jami'an kwastan da na shige da fice kan takardun da ake nema, har da inshorar ƙetare iyaka, kafin ya kama hanya.

Tsaro

Babur ya zama abin hawan 'yan bindiga a yankin, kuma wannan ya shafi kowane mai babur.

A watan Mayun 2019 rundunar sojin Najeriya ta hana hawa babur a dazuzzukan wasu jihohi bakwai, ciki har da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A 2021 jihohi da dama na arewa maso yamma suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka. A Nijar ma an kafa irin wannan doka a jihar Diffa a 2015, da sassan Tillaberi a 2020.

A watan Nuwamban 2024 mayaƙan Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, inda aka kashe aƙalla mutum 15. A Janairun 2025 wata babbar kotun tarayya ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta 'yan ta'adda.

Irin waɗannan dokoki kan sauya daga lokaci zuwa lokaci, daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. Matafiyi ya nemi labarin hanya a tasha da wurin 'yan ƙungiyar kabu-kabu, ya guji tafiyar dare, ya riƙe katin shaida, ya kuma tsaya a duk shingen jami'an tsaro.

Babur na kowa da kowa, mai lamba da cikakkun takardu, bai cika jan ido ba kamar baƙon samfuri.

Lafiyar matuƙi

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga watan Janairun 2009, amma har yau ba kowa ke sawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai inganci, idan aka ɗaura ta daidai, na rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, tana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da kan iya kaiwa kashi 74 cikin ɗari.

Takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu, da gilashin kare ido daga ƙura, da isasshen ruwan sha, duk suna cikin kuɗin babur, ya kamata a ware musu kasonsu tun farko. Masu babbar riga su tattare ta, domin sarƙa ko wayoyin ƙafa na iya fizgar ta.

Kayan gyaran da ba a barin su a gida sun haɗa da famfon iska da kayan faci da fulogi da wayar kuloci da 'yan sifanu. A ɗaure kaya masu nauyi ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar babur, domin lodin da ya yi baya da yawa kan sa gaba ya riƙa rawa.

Ga wanda mafi yawan tafiyarsa kwalta ce da burji, babur mai 125cc zuwa 150cc daga cikin waɗanda aka saba da su, da taya mai kyau, ya wadatar. Wanda aikinsa ke kai shi cikin fadama da yashi kullum, ƙaramin babur na kwalta da daji zai fi yi masa, muddin ya tabbatar da inda zai riƙa samun kayan gyaransa.